Takalmin Mai Shimfiɗaɗɗen Tafin Ƙafa: Yadda Ake Zaɓensa Da Abin Da Ake Sa Masa A Ciki

Idan tafin ƙafarka a shimfiɗe yake, wato babu wannan kwarmin da ke tsakanin dunduniya da gindin yatsu, tambayar farko ita ce: yana maka ciwo? Mutane da yawa suna da irin wannan ƙafa har tsufansu, suna noma da ita, suna buga ƙwallo, suna tafiyar ƙasa, ba ta taɓa damunsu ba. Wasu ma sai ranar tantance masu neman aikin ɗan sanda ko soja suke fara jin cewa ƙafarsu daban take. Wanda ƙafarsa ba ta masa ciwo ba ya bukatar kashe ko sisi a kanta. Wannan jagora ta wanda ƙafa ke yi wa zugi ce: malamin da ke wuni a tsaye gaban allo, ma'aikaciyar jinya mai kai-komo a ɗakin marasa lafiya, ɗan kasuwa, da uwargidan da ke yini tsakanin murhu da wanki a kan siminti, wanda duk yamma sai ya zauna yana matsa tafin ƙafa da idon sawu.

Kowace ƙafa tana da ƙashi 26 da gaɓoɓi 33, jijiyoyi ne suka ɗaure su. Kwarmin nan aikinsa shi ne ya ɗan sauka idan ka taka, ya shanye nauyi, sannan ya koma ya ƙanƙame lokacin da za ka ɗaga ƙafa. Idan ya zube da yawa, sai idon sawu ya karkata ciki, ƙwauri ya bi shi, jijiyar da ta zagayo ta bayan idon sawu na ciki ta yi ta jan nauyin da ya fi ƙarfinta. Daga nan ake samun ciwon tsakar tafin ƙafa, ciwon dunduniya da safe, wani lokaci har gwiwa. Takalmi mai kyau da shimfiɗar cikinsa suna rage wannan karkatar ne, su sauƙaƙa wa jijiya aiki. Ba sa gina kwarmi ga babban mutum. Duk mai sayarwar da ya ce maka shimfiɗarsa za ta mayar da ƙafarka mai kwarmi cikin wata uku, kuɗinka yake so.

Mataki na farko: ka san irin ƙafarka

Ka jiƙa tafin ƙafa, ka taka busasshen siminti ko bayan kwali, ka dubi sawun. Idan gefen ciki ya fito cike, babu inda ya shige, tafin a shimfiɗe yake. Wannan gwaji ya tsaya nan, bai faɗa maka komai game da lafiyar ƙafar ba.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na ɗage. Ka dafa bango, ka tsaya a kan yatsun ƙafa biyu, wani ya ɗauke ka hoto da waya ta baya. Idan kwarmi ya bayyana kuma dunduniya ta ɗan juya ciki, ƙafarka mai laushi ce, wadda ke zubewa sai an ɗora mata nauyi. Ita ce ta fi yawa, kuma ita ce takalmi da shimfiɗa suka fi yi wa amfani. Idan ko a zaune, ko a ɗage, tafin yana nan sumul kuma ƙafar ta ƙi juyawa gefe, wannan mai tauri ce. Sau da yawa wasu ƙasusuwan bayan ƙafa ne suka haɗe tun haihuwa, kuma ciwon kan fara bayyana lokacin balaga. Irin wannan tana bukatar likita da hoton ƙashi kafin a saya mata komai, domin tura mata tudu mai tauri ƙara mata azaba ne.

Sai ka sake ɗagewa, amma a kan ƙafa ɗaya. Idan ka kasa a ɓangare guda, ko ka ji zafi a bayan idon sawu na ciki, musamman idan da can kana da kwarmi yanzu ne ƙafa ɗaya ta fara zubewa, to jijiyar da ke riƙe kwarmin ce ta fara gazawa. An fi ganin haka ga matan da suka haura shekara 40, da masu ƙiba, da masu ciwon suga ko hawan jini. Wannan ba ta jira: da wuri ana tarbarta da takalmi, shimfiɗa da gashin ƙashi, idan aka bar ta ta yi nisa sai aikin tiyata. Mai ciwon suga kuwa da ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi kamar mai zazzaɓi, ko da babu ciwo, ya daina taka ta ya nufi asibiti a ranar.

Mataki na biyu: awo

Da yawanmu lambar da muka sani tun samartaka ita muke faɗa wa mai shago har yau. Ƙafa kuwa tana canzawa. Shekaru, ƙarin nauyi da juna biyu duk suna sa ta ƙara tsawo da faɗi, kuma ga wasu mata ba ta komawa yadda take bayan haihuwa.

Da yamma ake awo, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ka tsaya a kan takarda da duk nauyinka, wani ya zana gefen kowace ƙafa da biro a miƙe. Ka auna daga dunduniya zuwa yatsan da ya fi tsawo, sannan wurin da ya fi faɗi. Da ƙafar da ta fi girma ake sayen takalmi. Ka yanke zanen ka tafi da shi kasuwa. Idan ka zura shi cikin takalmi ya nannaɗe ta gefe, takalmin ya yi maka ƙunci. Tazarar da ke tsakanin lamba 42 da 43 ba ta kai santimita ɗaya ba, kuma 43 na wani kamfani 42 ne a wani, don haka lamba jagora ce kawai. Abin da ya fi cutar masu shimfiɗaɗɗen tafi shi ne ƙarancin faɗin takalmi. Mutum zai ji takalmi ya matse shi ta gefe sai ya ƙara lamba biyu, ya samu faɗin amma ƙafa ta riƙa yawo a ciki. Gara a nemi mai faɗi tun asali. A takalman maza na kamfanoni irin su New Balance, Brooks da ASICS, idan ka ga 2E ko 4E a jikin harshen takalmin, alamar faɗi ce.

Mataki na uku: gwada takalmi da hannu kafin ƙafa

Nan ne akasarin kuɗi ke salwanta, saboda mutane suna ɗauka laushi shi ne tallafi. Ka sa takalmi mai taushi kamar soso, minti biyar na farko daɗi, amma bayan awa uku a tsaye soson ya lotse ta ciki, daidai inda ƙafarka ke son karkata, sai ya taya ta. Ƙafa mai zubewa wurin tsayawa mai ƙarfi take nema, da ɗan taushi a samansa.

Ka ɗauki takalmin ka fara da bayansa, wurin da ke rungume dunduniya. Ka matsa shi da babban yatsa da manuni. Idan ya lanƙwashe kamar tsumma, ajiye shi. Wannan wurin shi ke riƙe ƙashin dunduniya a miƙe, kuma idan dunduniya ta tsaya, rabin aikin ya kammala.

Sai ka riƙe gaba da baya ka lanƙwasa. Ya kamata ya lanƙwasu a gindin yatsu kaɗai, inda ƙafa da kanta ke lanƙwasuwa. Wanda ya ninke a tsakiya ba zai tallafi kwarmi ba. Bayan haka ka murɗa shi, hannu ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗan motsi ba laifi, amma ya zama yana turjewa.

Ka kifa shi ka dubi ƙasansa. Wasu takalman suna da siririn ƙugu a tsakiya, an yanke gefen ciki sosai. Mai kwarmi ba ruwansa, don tafinsa ba ya sauka a nan. Kai kuwa naka yana sauka, zai zuba ta gefen takalmin ba abin da ya tare shi. Ka nemi wanda ƙasansa ya tafi kusan a miƙe daga dunduniya zuwa yatsu, mai faɗin tsakiya.

Ka zura hannu ka ja shimfiɗar ciki. Idan ta fita, madalla, akwai wurin sa wata. Idan an manne ta da gam kuma takalmin ba zurfi, duk abin da ka ƙara zai ɗaga ƙafarka har dunduniya ta riƙa sulluɓewa.

Dunduniyar takalmin ta ɗan fi gabansa tudu, kamar santimita ɗaya zuwa biyu da rabi. Da yawa daga masu irin wannan ƙafa agararsu a ɗaure take, kuma ɗan tudun nan yana sassauta ta. Takalmin da yake shafe tas da ƙasa yana jan agara, mai tsini kuma yana tura nauyi duka kan yatsu. Ke da za ki biki, ki nemi mai faɗin dunduniya wanda bai wuce santimita huɗu ba, ki riƙe wani a jaka don komawa gida.

Sai yanzu za ka sa shi. Ka zo da irin safar da za ka riƙa sawa, ka sa ƙafa biyu, ka ɗaure igiya har ramin ƙarshe. A tsaye, tsakanin dogon yatsa da bakin takalmi a samu faɗin babban yatsan hannu. Ka yi tafiya a ƙasa mai tauri, ba kan kafet ba. Kada ka yarda da "zai buɗe in ka saba." Fata takan ɗan saki ta gefe, amma tsawo ba ya ƙaruwa, roba kuwa ba ta sakin komai.

A cikin kambas na gudu akwai rukunin da aka ƙera don masu karkata ciki, wanda gefensa na ciki ya fi ƙarfi. Brooks Adrenaline GTS, ASICS Gel-Kayano da New Balance 860 suna cikin sanannu. Na ambace su don ka san fasalin da kake nema, amma jabunsu sun cika kasuwa, kuma suna a jikin takalmi ba ya riƙe dunduniya. Hannunka ne alƙali. Takalmin da ba shi da suna in ya ci gwajin nan ya fi mai suna da ya faɗi.

Maganar gwanjo

Ba kowa ke iya sayen sabo ba, kuma a gwanjo ana samun na asali masu kyau. Sai dai takalmi yana ɗaukar takun mai shi na farko. Ka ɗora ƙafa biyun a kan tebur ko benci mai daidai, ka durƙusa ka dube su ta baya. Wanda ya jingina gefe, ko kaɗan ne, bar shi, don zai koya wa ƙafarka karkatar wani. Ka dubi farin soson da ke gefen ƙasa: idan ya yi tamoji masu zurfi, ya riga ya mutu, ko da saman yana ƙyalli. Ka danna shi da farce kuma, domin wani irin ƙasan takalmi idan ya daɗe a ajiye yakan ruɓe daga ciki, ka sa shi kwana biyu ya fara marmashewa a hanya. Tsohuwar shimfiɗar ciki kuwa a jefar da ita, dama wata za ka sa.

Mataki na huɗu: silifas, sandal da ƙofar masallaci

Duk wata shawarar da ta ce ka wuni cikin takalmi mai igiya ba ta san rayuwarmu ba. Sau biyar a rana muna alwala, muna cire takalmi a ƙofar masallaci, a ƙofar ɗaki, a gaban manya. Ga zafin bazara. Shi ya sa mutum zai sayi kambas mai tsada ya ajiye shi ƙarƙashin gado ya koma wa silifas ɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma silifas ɗin roba mai shiga tsakanin yatsu shi ne mafi muni ga wannan ƙafa: ba tudu, ba abin riƙe dunduniya, yatsu kuma kullum a ƙanƙame don kada ya fice.

Mafita ita ce sandal mai maɗauri a baya, irin mai mannewa wanda ake ɓarewa da hannu ɗaya. Ka nemi wanda wurin dunduniyarsa ya ɗan yi kwarmi, yana da tudu a gefen ciki, ƙasansa kuma ya ci gwajin lanƙwasa da murɗa. Fasalin Birkenstock na Jamus, wanda aka yi shimfiɗarsa da ɓawon itace da fata, shi ne misalin da aka fi sani, sai dai ba ya son ruwa. Ka ware silifas ɗin roba don banɗaki da alwala kawai, ka goge ƙafa har tsakanin yatsu kafin ka koma cikin na fita.

Wanda shigarsa ta manyan kaya ce kuma ba ya son rabuwa da takalmin fata buɗaɗɗe, ya je wurin baduku ko shumekan da ya iya aiki, da zanen ƙafarsa a hannu. A ɗinka masa mai faɗin ƙasa, mai kaurin sol, da maɗauri mai faɗi da zai kama saman ƙafa sosai, a sa gajeruwar shimfiɗa mai tudu a ƙarƙashin fatar da ake takawa. Abin da ba na so shi ne shumeka ya ƙara tudu a gefe ɗaya na sol da ka, ba da awon likita ba. Milimita kaɗan a wurin da bai dace ba sun isa su tayar da ciwon gwiwa.

A cikin gida ma haka. Ke da kike yini kan tayil ko siminti, ki samu sandal guda mai tudu ki ware shi na ɗaki, kada ya fita waje.

Mataki na biyar: shimfiɗar ciki mai tudu

Takalmi ne farko, shimfiɗa ta biyo baya. Sa shimfiɗa mai tsada cikin takalmin da ya karkace kamar ɗora sabuwar katifa ce a kan karyayyen gado.

A kemis da shagunan kayan asibiti za ka ga iri-iri, ana ce musu insol. Masu ruwa-ruwa da na soso zalla taushi kawai suke bayarwa. Wadda kake nema tana da ƙashi na roba mai ɗan tauri daga dunduniya zuwa tsakiya, da laushi a samanta. Ka ajiye ta a ƙasa ka danna tudun da babban yatsa: idan ya kwanta tas, nauyin jikinka ma zai kwantar da shi. Wurin dunduniyarta ya zama mai zurfi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen mafi tudu, da tunanin tunda ƙafa ta zube sosai sai a tura ta sama sosai. Sakamakon shi ne bororo da tsamin tafin ƙafa. Ka fara da ƙaramin tudu ko matsakaici. Ka taka ta a ƙasa kafin ka biya. Ya kamata ka ji ta cika gefen ciki tun daga gaban dunduniya, ba kamar ka taka dutse a wuri guda ba. Idan tudun ya faɗo kusa da gindin yatsu, ta yi maka girma, kuma yanke bakinta ba zai gyara wannan ba.

Doguwa, mai kaiwa har yatsu, ta kambas ce da but. Ka cire ta asali, ka ɗora ta a kan sabuwar, ka zana, ka rage da almakashi ta wajen yatsu kawai, kaɗan-kaɗan. Gajeruwa, wadda ta tsaya kafin yatsu, ita ta dace da sau-ciki na ofis da takalman mata marasa zurfi. A sa a ƙafa biyu ko da ɗaya ce ke ciwo, don kada tsawon ƙafafu ya bambanta.

Wadda ake ƙerawa da awon ƙafar mutum tana da wurinta: ƙafa mai tauri, jijiyar da ta fara gazawa, ciwon suga da ya kashe jin ƙafa, ko wanda ya gwada ta kanti wata ɗaya zuwa biyu bai ga sauƙi ba. Ga ciwo na yau da kullum kuwa, ta kanti mai kyau takan wadatar da mutane da yawa, don haka da ita ake farawa. Masu bukatar ta awo su nemi sashen haɗa ƙafar roba da kayan tallafin gaɓoɓi a asibitocin ƙashi, irin na Dala a Kano, ko Igbobi a Legas, ko na Inugu. Sashen gashin ƙashi na asibitocin koyarwa ma yana duba taku ya ba da shawara.

Mataki na shida: sabo

Ranar farko awa ɗaya zuwa biyu, sannan ka riƙa ƙara awa guda kullum, har cikin mako biyu ka kai ga wuni. Ɗan tsami a tafin ƙafa ko sha-raɓa ba abin tsoro ba ne. Zafi mai suka, bororo, ko sabon ciwo a gwiwa ko ƙugu alama ce ta ka cire, ka koma baya, ko ka canza ta. Kada ranar farko ta zama ranar tafiya mai nisa ko ranar ƙwallo. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa da madubi duk lokacin da ya cire takalmi, domin zai iya samun rauni bai ji ba.

Kayan nan suna tsufa. Kambas na gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, shimfiɗar kanti kuma wata 6 zuwa shekara ga mai sa ta kullum. Idan ciwon da ya tafi ya dawo ba dalili, ka ɗora takalmin a tebur ka dube shi ta baya. Kada a shanya shi a tsakar rana ko kusa da wuta, zafi yana narka gam ya ƙanƙance soso. Mai hali ya yi guda biyu yana musanyawa.

Ƙafar ma ta yi nata aikin

Takalmi kaɗai ba ya isa. Ka fuskanci bango, ka miƙa ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, yatsu suna kallon gaba, ka jingina har ka ji sha-raɓa ta miƙe. Daƙiƙa 30, sau uku kowace ƙafa, safe da yamma. Sannan ka matse ƙaramar ƙwallo tsakanin dundunniyoyinka ka riƙa ɗagewa a hankali kana sauka, sau 10 zuwa 15. Wannan yana ƙarfafa jijiyar da ke riƙe kwarmi. A zaune kuma, ka dasa tafin ƙafa a ƙasa, ka ja gindin babban yatsa zuwa dunduniya ba tare da ka naɗe yatsu ba, ka riƙe na daƙiƙa biyar. Da farko za ka ga kamar ba abin da ke motsi, a hankali yake zuwa. Wanda ke da ƙiba kuma, duk kilo ɗaya da ya rage ƙafa za ta ji.

Yara

Iyaye, a kwantar da hankali. Kusan kowane jariri da shimfiɗaɗɗen tafi ake haifarsa, kitse ne ya cike wurin, kuma kwarmi yakan fito da kansa tsakanin shekara 6 zuwa 10. Wani bincike da aka yi a Dallas ta Amurka, aka wallafa a 1989, ya bi yara masu tafi mai laushi na tsawon shekara uku, ya tarar waɗanda aka sa wa takalmin gyara ko shimfiɗa ba su fi waɗanda aka bari haka nan samun kwarmi ba. Wani kuma a Indiya, a 1992, ya duba yara 2,300 ya ga shimfiɗaɗɗen tafi ya fi yawa ga masu sa takalmi, kashi 8.6 cikin 100, fiye da masu yawo ba takalmi, kashi 2.8. Don haka yaron da ke wasa ba takalmi a kan yashi mai tsabta a tsakar gida ba cutar da shi ake yi ba. A saya masa takalmi mara nauyi, mai faɗin gaba, daidai ƙafarsa, a bar al'adar ƙara lamba uku don ya kai baɗi. Lokacin kai shi asibiti shi ne idan yana kukan ciwo, yana ɗingishi, yana gudun wasan da sa'o'insa ke yi, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta shimfiɗe, ko kuma ya ɗage kan yatsu kwarmi bai fito ba.